Kawu Chin-fa da Taransisto Mai Huɗu-Huɗu

A layinmu na Wanhua, cikin birnin Taipei, in aka ji ƙarar wani babur mai tari kamar tsohon bunsuru, kowa ya san Pan Chin-fa ya iso, mai rediyo kuma ya san lokacin ɓoye rediyonsa ya yi. Shekara goma sha ɗaya Chin-fa ya yi a wata babbar masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta a garin Hsinchu. Abin da ba ya faɗa shi ne a bakin ƙofa ya yi su, yana ɗaga wa motoci sanda. Amma tun daga nan bai ƙara ganin abu mai waya ya bar shi lafiya ba. Fankar Ang mai aski da ya gyara bara, har yau bango take yi wa fifita.

Ran da ya shigo gidan ƙanwarsa Shu-mei, saura mako guda mijinta Liao ya cika kwana ɗari da rasuwa. Ya kunna turare gaban hoton marigayin, ya rusuna sau uku a gurguje, idonsa na kan abin da ke lulluɓe da tsohon zanen gado a ƙarƙashin bene.

"Har yanzu Ɗan Aike yana kwance?" ya tambayi Wei-lun, ɗan marigayin.

"Yana nan, Kawu."

Ɗan Aike wata 'yar amalanke ce mai batir ɗin babur da injin goge gilashin mota. Liao mai gyaran talabijin ne, kuma shekara talatin shi ke kai sharar gidan. Ƙarfe biyar da rabi in motar shara ta karyo kwana da kiɗanta, kowane gida sai ya kai ledarsa bakin layi ya miƙa hannu da hannu, Shu-mei kuwa gwiwarta ta daɗe da yin yaji. Da likita ya gaya wa Liao abin da ya gaya masa, ya dawo gida ya fara ƙera wanda zai gaje shi. Ya gama komai, saura taransisto huɗu masu buɗe wa injin wuta: biyu na tafiya, biyu na dawowa. A gadon asibiti ya riƙe hannun Wei-lun ya ce, "Na sa magana a ƙwaƙwalwarsa. Ba za ta fito ba sai ya kai bakin layi. Ka kula, in taransisto ya ƙone, wuta takan koma baya ta cinye ƙwaƙwalwar."

Maganar nan babu ta a ko'ina sai a nan. Wei-lun ya iya liƙin dalma, don ya yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a kafin ya gudu. Amma duk sanda ya kunna ƙarfen liƙi, sai warin dalma ya cika masa ɗaki da ubansa, ya kashe ya fita. Iyakacinsa kullum ya ɗaga zanen ya duba wata 'yar koriyar fitila a jikin ƙwaƙwalwar, tana ƙiftawa a hankali kamar numfashin mai barci.

Kawu ya fizge zanen, ƙura ta tashi.

"Ran kwana ɗari, gaban kowa, abin nan zai kai shara da ƙafarsa. Ni na faɗa! A Hsinchu injin da ya fi gidan nan girma nake daka wa tsawa ya tashi."

"Yaya, ka bar masa kayansa," in ji Shu-mei daga kicin.

"Mijinki ya iya hannu, ban hana shi ba. Amma ilimin sama ai sai mu."

A wurinmu ba a yi wa kawu musu. Ranar biki kujerarsa ce ta farko, in bai ɗauki sandunan cin abinci ba kowa da yunwarsa zai zauna.

Washegari suka gangara ƙarƙashin ƙasa a kasuwar Guanghua, shagon Gwaggo Yeh, wadda ta shekara arba'in zaune a gaban ƙananan durowoyi sun fi dubu. Wei-lun ya miƙa mata takardar da uban ya rubuta da fensir. Ta ɗan jima tana kallon rubutun, sannan ta jawo durowa ta jera masa baƙaƙen taransisto huɗu, ƙosassu, kowanne da bayan ƙarfe mai rami na ɗaurawa.

Kawu ya sa tabarau, ya karanta lambar, ya yi baya kamar kunama ta harbe shi.

"Huɗu-huɗu! Kuma guda huɗu! Ke Yeh, gidan da ake makoki za ki tura wa lambar mutuwa? Huɗu da mutuwa ai kusan furucinsu ɗaya a harshenmu! Ko lif ɗin asibiti tsallake hawa na huɗu yake yi!"

"Taransisto bai iya karatu ba, Injiniya."

"Shi bai iya ba, masu kallonsa daga lahira sun iya."

Ya zagaya ya fara jan durowoyi da kansa, har ya faɗa kan waɗansu mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake. Ya ɗaga ɗaya a fitila, fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Takwas ce a gaba, lambar sa'a. Ga arziki a fili ana ɓoye mana."

"Wannan na kunna 'yar fitila ne," in ji Gwaggo Yeh. "Injin goge gilashi in ya ɗauki kaya, wutar da zai ja ta ninka ƙarfin wannan sau biyar. Sauro za ka ɗaura wa amalanke?"

"Kin gani, matsalarku ke nan 'yan kasuwa, girma kuke kallo. A Hsinchu duk abin da ya fi ƙanƙanta shi ya fi ƙarfi. Ƙwaƙwalwar da ke tuƙa jirgin sama ba ta kai farcena ba."

"Ka taɓa ganinta?"

"Ta wuce ta gabana a mota ya fi sau dubu."

Gwaggo Yeh ta zuba masa cikin hannu biyu a leda. Da suka juya, ta ja rigar Wei-lun ta ce ƙasa-ƙasa, "In kun gama suyar gyaɗar, ka dawo."

Ranar farko Kawu ya dubi ƙafafun taransiston ya ce ƙafa uku ai ƙafa uku ce, ta ko'ina aka soka daidai ne. Ya liƙa, ya danna makunni. Aka ji tas! Wani siririn hayaƙi ya miƙe ya haɗu da na turaren marigayin. Wei-lun ya yi tsalle ya cire batir. Koriyar fitila tana nan.

"Wannan gwaji ne," in ji Kawu. "Mun fitar da muguwar iskar da ke ciki."

Rana ta biyu Ɗan Aike ya motsa. Da baya. Ya tsallake takalman baƙi, ya shige kicin ya tunkuɗe kujerar da Shu-mei ta ɗora tukunyar ƙwan da ta dafa a ruwan shayi, ƙwai suka bi tsakar gida suna gangarawa, sannan tas, tas!

"Ya tafi ko bai tafi ba?" in ji Kawu yana tsintar ƙwai yana kaiwa baki. "Wanda ya iya baya, gaba ai juyawa ce kawai."

Rana ta uku Ang mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, yana shaƙar hanci.

"Chin-fa, gashin wa kake ƙonawa? In aski ka buɗe ka gaya mini in rage farashi."

"Koma ka ƙarasa ɓata wa mutane kai. Nan kimiyya ake yi."

"Irin ta fankata?"

"Fankarka ba ta da laifi, kai ne ka zauna a gefen da ba daidai ba."

Kafin yamma rabin layi sun taru a taga. Gwaggo Tsai mai sayar da taliya ta ɗora tukunya ta baro ta. Aka fara ƙirga wa Kawu kowane tas da ƙarfi, kamar ana ƙirga ƙwallo a raga.

Yana cikin goge faifan alminiyom ɗin da Liao ya tanada don sanyaya taransisto, sai ya ga wani ɗan ƙwallo kamar kan ashana manne a jiki, da siraran wayoyi biyu. Ya sa farce zai ɓamɓare.

"Kawu!"

Muryar ta fi ƙarfin yadda Wei-lun ya yi niyya. Kowa ya juyo.

"Ban san mene ne ba. Amma Baba ne ya manna shi."

Kawu ya dube shi, ya dubi taga, ya janye farcen. "Dama barinsa zan yi. Gwada ka nake."

Rana ta biyar wahayi ya sauko masa yana tsakiyar taunar binlang, irin goronmu, bakinsa jawur. In ɗaya ya gaza, a haɗa masa 'yan'uwa. Ya liƙa takwas-takwas a kowane gurbi, ya manne su da gam a jikin faifan, suka yi cincirindo kamar kaska a kunnen kare.

"Takwas sau huɗu fa," in ji Ang daga taga. "Ga huɗunka ta dawo ta baya."

"Ba ta nan ake ƙirgawa ba."

Ya ɗora Ɗan Aike kan bulo, ƙafafu a iska, ya danna. Ƙafafu suka juya lafiya lau, gaba da baya. Kawu ya sa hannu a ƙugu ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Wei-lun ya ɗora yatsa a faifan, ya janye da sauri.

"Kawu, da zafi. Kuma ko kaya bai ɗauka ba."

"Mai aiki ai dole ya yi gumi. Sirrin ƙarshe yana nan tafe."

Sirrin ya iso ran kwana ɗari, a ƙarƙashin kujerar babur. Da safe an jera wa marigayi shinkafa da kifi da lemo, an ƙona masa kuɗin takarda na lahira, dangi sun ci sun watse. Ƙarfe biyar Kawu ya fito da ledoji uku na gugguru, koraye shar, irin wanda masu aikin inji ke ɗora wa na'ura don ta yi ladabi. Kowa ya san ƙa'idar: koriyar leda kaɗai, kada kwanan watanta ya wuce, kada kuma kowa ya ci. Amma kowa ɗaya yake ɗorawa, a saman murfi. Kawu ya ɗauki ukun ya danne faifan da su, ya naɗe da salatif zagaye bakwai, ko iskar da za ta kashe ashana ba ta da hanyar shiga.

"Kawu, ta nan zafin yake fita."

"Waɗannan ƙananan su ne masu taurin kai, su za a lallasa. Ka taɓa aiki a Hsinchu?"

Daga nesa kiɗan motar shara ya fara tasowa. Ƙofofi suka buɗe, mutane suka fito da silifas da ledoji. Shu-mei ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango. Kawu ya sa farar riga da farin wando, ya turo Ɗan Aike tsakiyar layi, ya ɗora ledar gidan guda ɗaya, ya dube ta, ya ga ta yi wa girmansa kaɗan.

"Jama'a, yau kowa ya huta! Ku kawo. Ang, kawo gashinka. Tsai, kawo bokitin."

"Bokitin ragowar miya ne fa, na kwana biyu," in ji Gwaggo Tsai.

"Ko na shekara ne, ɗora!"

Aka jibga leda tara, bokiti a ƙoli. Wei-lun ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa. Fitilar tana ƙiftawa.

Kawu ya danna.

Ɗan Aike ya yi nishi, ya girgiza, ya tafi. Gaba! Layi ya ɗauki tafi. Kawu yana biye da shi taku-taku, ƙirji a gaba, yana ɗaga wa na saman bene hannu.

"Ang, ina bakin? Na ce ina bakin? Ku tambayi marigayi mai lamba huɗu in ya taɓa—"

Daidai gaban shagon aski layin yana da ɗan tudu, wanda ƙafar mutum ba ta ma saninsa. Ɗan Aike ya san shi. Ya rage gudu. Nishin ya koma kuka. Wani wari ya tashi, rabi ƙonanniyar roba, rabi kwakwa da man shanu. Ledojin gugguru suka fara kumbura kamar cikin kwaɗo.

Wei-lun ya zabura zai cire batir, Kawu ya tare shi da hannu biyu.

"Ba a taɓa inji yana tsakiyar tunani!"

"Kawu, ƙwaƙwalwar! Maganar Baba!"

Fam! Ledar farko ta fashe. Fam! Fam! Gugguru ya tashi sama ya sauko wa layi kamar ƙanƙara. Ƙananan taransisto suka kama tas-tas-tas a jere kamar wasan wutar sabuwar shekara. Ɗan Aike ya saki tudu ya gangaro da baya, ya daki Kawu a ƙwauri. Kawu ya zauna daɓas a kan ledar gashin Ang, bokitin Gwaggo Tsai ya yi tunani kaɗan a ƙoli, sannan ya sauko masa a ka.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, don kowa Wei-lun yake kallo. Ya durƙusa cikin miya da gugguru, hayaƙi ya rufe ƙwaƙwalwar, bai ga kore ba, bai ga komai ba. Kiɗan motar shara yana ta zagayawa a bakin layi, shi kuwa ji ya yi kamar an sake rufe ƙofar asibitin da ubansa ya rasu a ciki.

Sai wata 'yar lasifika a jikin Ɗan Aike ta yi ƙaras. Aka ji tari. Tarin da duk layin ya shekara talatin yana ji ƙarfe biyar da rabi.

"Chin-fa," in ji muryar Liao, a natse, kamar yana shan shayi. "In ana jin wannan, faifan ya yi zafi. In faifan ya yi zafi, an canza mini taransisto. Duk Taipei kuwa mutum ɗaya ne zai canza. Na riga na manna a faifan abin da zai yanke wutar, don na san ka. Cire hannunka daga kayana. Wei-lun, mai huɗu-huɗu na ce. Ka daina jin tsoron kawunka, mai gadi ne."

Hayaƙi ya yaye. Koriyar fitila ta ƙifta.

Wata irin ƙara ta fito daga bakin ƙofa, aka juya a tsorace. Shu-mei ce. Ta zame ta zauna a dokin ƙofa ta riƙe ciki, dariya take har ba ta iya numfashi, hawaye na bin wuyanta. Kwana ɗari ba wanda ya ga haƙoranta. Daga nan layi ya ɓarke. Ang ya kwanta a kan kujerar askinsa yana dukan ta da hannu.

Ma'aikacin shara ya gaji da jira, ya tako ciki da safar hannu. Ya dubi Kawu, taliya na lilo a kunnensa, gashin mutane manne a farin wando, gugguru a ka.

"Uwar gida, wannan a wace mota zan sa shi? Ta ƙonawa ko ta ragowar abinci?"

Kawu ya cire bokitin a hankali, ya tofar da ganyen kabeji.

"Ledar ce," ya ce. "Na tabbata kwanan watanta ya wuce."

Da safe Wei-lun ya gangara wurin Gwaggo Yeh shi kaɗai. Yana isa ta miƙo masa wata 'yar ambulan, taransisto huɗu a ciki, sunansa a baya da fensir ɗin da ya sani.

"Tun kafin ya kwanta ya kawo mini. Ya ce in riƙe sai kawunka ya gama."

Ya kunna ƙarfen liƙi. Warin dalma ya cika ɗakin da ubansa, wannan karon bai fita ba. Ya ɗaure kowanne da kusa a jikin faifan, ya duba ƙafafun sau biyu kamar yadda aka koya masa, ya ɗora koriyar leda ɗaya a saman murfi, inda kowa ke ɗorawa.

Kawu kwana biyu kacal ya ɓuya. Rana ta uku aka ji tarin babur, sai ga shi a kujerar Ang, ƙafa kan ƙafa.

"Ku ba ku gane ba ne. Mutum yana gadon mutuwa, yana da mata, yana da ɗa, sunan wa ya fara fitowa daga injinsa? Iye? Masana tsakaninsu suke magana."

"Ya ce kai mai gadi ne."

"Da ban yi gadin abin ba da kun ji muryar?"

Ƙarfe biyar da rabi kiɗa ya taso. Ɗan Aike ya fito da leda ɗaya, ya haye tudun ko nishi bai yi ba, faifan sanyi ƙalau. Wei-lun yana gefe, Shu-mei tana biye da sandarta, tana ɗingisawa. A bakin layi Ɗan Aike ya tsaya cak. Lasifika ta yi ƙaras, tarin ya zo.

"Shu-mei, na kai. Na san kin biyo ni. Koma ki zauna, gwiwarki."

Tun daga ranar Ɗan Aike bai yi fashin kai shara ba, gwiwar Shu-mei kuwa ba ta huta ko sau ɗaya ba. Kullum in kiɗan ya taso sai ta ɗauki sanda ta bi bayansa har bakin layi, ta tsaya ta jira tarin, ta jira ya gama. Sannan ta buga sandar a ƙasa ta ce, "Na ƙi."